Gidan Mai Kunun Zaƙi: A Je Da Hantsi

A Tudun Wadan Zariya akwai gidajen da ake yin kunun zaƙi na sayarwa, a ɗura a gora, yara kuma suna suyar awara a ƙofar gida. Na zauna da wata mai sana'ar tun daga jiƙon gero har tata. Abin da na fahimta shi ne kunun nan ba ya daina aiki don an tace shi. Na hantsi daban, na la'asar daban, ko da tukunyarsu ɗaya.

Gero tiya guda take jiƙawa ya kwana, ta rege tsakuwa, ta wanke, a kai inji a markaɗa da citta, kanumfari, masoro da ɗan barkono. Dankalin Hausa ɗanye, manya 4, shi ana markaɗa shi daban. Wasu tsiron shinkafa suke sawa a madadinsa. Sai ta raba ƙullun kashi 3. Kashi 2 ta sheƙa musu tafasasshen ruwa ta dama, su yi kauri. Kashi na uku ta bar shi ɗanye, ta haɗa da dankalin ta ajiye gefe.

A nan gwaninta take. Ba ta haɗa su sai damammen ya huce har yatsa na iya jure zafinsa. Na ce, "Yaya, wannan jira fa?" Ta ce, "In kika zuba da zafi kin dafa dankalin, ba zai tsinke ba, koko kawai za ki tarar da safe." Gaskiyarta. Ɗanyen dankalin ne ke narkar da kaurin ya mayar da shi zaƙi, zafi mai yawa kuma yana kashe wannan ƙarfin. In an bari ya yi sanyi ƙalau, nan ma aikin ba ya tafiya. Bayan an haɗa sai a rufe ya kwana, a tace da asuba. A watan Afrilu, da zafi ya tsananta, takan haɗa a makare don kada ya wayi gari da tsami. Da hunturu kuwa tun magariba take haɗawa. Sukari sai wanda za a ɗura yanzu take sa wa, domin yana gaggauta tsamin.

Mai saye ya fara matsa gorar. In ta yi tauri, ko ta yi huci da kumfa da aka buɗe, kunun ya wuce, a mayar. Garin da ya kwanta a ƙasa ba aibi ba ne, girgizawa ake yi. A duba cikin murfi ma, don yawancin gorunan an taɓa amfani da su, kuma a zaren murfin dauɗa ke maƙalewa. Tambayar da mutane ba sa yi ita ce ta ruwa. Ɗanyen ƙullu da ruwan tata ba sa ganin wuta, saboda haka da wane ruwa aka tace? Ƙanƙara kuma a kewaye goruna da ita a cikin kula ya fi a jefa ta cikin kunun, ta salamce shi.

Awara mai zafi da yaji, kabeji da albasa ita ta fi dacewa da shi. Masa da miyar taushe ta yi nauyi, don kunun kansa abinci ne. Masu tsire sai yamma suke fitowa, lokacin kunun safe ya fara juyawa, sai a nemi zoɓo. Wanda zai tafi da gora gida ya sa ta a firji nan take, in babu wuta ya shanye kafin azahar.