Bayan Ganyen Kargo

Mako biyu ke nan da na miƙa makullin ɗakin adana tsirrai, amma har yau in na ga kargo sai na tsaya na kifa ganyensa.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin tattara ƙananan itatuwa masu fure. Na tsinko kargo da furensa fari, na danne cikin jarida, ya bushe lafiya lau, ganyen nan mai tsaga biyu kamar sawun raƙumi. Na buɗe kundin sunaye, na ga Piliostigma thonningii a gaban kalmar kargo, na kwafa abina. Ashe sunan ne ɗaya, tsiron biyu ne. Malamina ya sa hannu yana amsa waya.

Ranar kare aiki, farfesan da aka gayyato ya ɗaga samfurin, ya shafa bayan ganyen da yatsa. "Ɗalibi, ina gashin?" Na yi zuru. Ya ce thonningii yana da gashi-gashi mai launin tsatsa a bayan ganye da jikin kwafsa, kuma ya fi son inda damina ke da ƙarfi. Nawa sumul yake, toka-toka, wato Piliostigma reticulatum, na busasshiyar ƙasa. Gumi ya karyo mini. Sai Malam ya gyara zama ya ce, "Ai na sha gaya masa ya riƙa dubawa." Wallahi bai taɓa ba. Ga sa hannunsa ɓaro-ɓaro a ƙasan takardar, farfesan ma ya gani, ya kau da kai. Manya ba sa tona juna a gaban yara.

Wata uku na yi ina bin samfurorina ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma. A nan na san cewa sunan Peter Thonning, masanin tsirrai ɗan Denmak, aka ba thonningii, kuma da can duka biyun a ƙarƙashin rukunin tsirrai mai suna Bauhinia suke.

Ga masu zuwa: ku rubuta launin fure tun a daji, bushewa na cinye shi. Ku canza jarida kullum. Sa hannun malami ba dubawa ba ne.

Kafin in tafi na tarar da tsofaffin samfura biyu a kabad, rubutun Malam, kuskure irin nawa sak. A ƙa'ida ba a goge tsohon suna, sai dai a liƙa 'yar takardar gyara a gefe. Na liƙa, da sunana da kwanan wata.