Kunne Kafin Harshe: Taimakon Yaro Wajen Gyara Furuci

Ba kowane tsamin baki ne yake nuna matsala ba, domin sautukan magana ba sa zama a bakin yaro a rana ɗaya. Jariri yakan fara gwaranci da kimanin wata 6, ya furta kalmarsa ta farko wajen cikar shekara 1, kuma sautukan da ya fi saurin kamawa su ne irin su b da m da d, yayin da r da s da sh sukan jinkirta. Wani nazari da Sharynne McLeod da Kathryn Crowe suka wallafa a 2018, wanda ya tattara bayanai daga harsuna 27, ya nuna cewa mafi yawan baƙaƙe sukan daidaita a bakin yara zuwa shekara 5. Saboda haka yaro ɗan shekara 3 da yake cewa "lana" a maimakon "rana" yana bisa hanya, kuma ba ya bukatar matsi.

Abin da nake ganin iyaye da malamai sun fi sakaci da shi shi ne kunne. Muna gaggawar cewa yaro ya maimaita, alhali wataƙila bai ma ji bambancin da muke nufi ba. Harshenmu kuwa cike yake da kalmomin da sauti ɗaya tak ya raba su: baki da baƙi, fada da faɗa, kara da ƙara, sara da tsara. A zana hoton baki, a ajiye hoton baƙi masu ziyara a gefensa, babba ya faɗi ɗaya daga cikin kalmomin, yaro ya nuna wadda ya ji. Idan ya ƙware a nan, sai a musanya, shi ya faɗa, babba ya nuna. A wannan wasa ne yaro yake gane da kansa cewa sauya sauti yana sauya ma'ana, kuma wannan fahimta ta fi tsawa amfani nesa ba kusa ba.

Daga nan sai a bi mataki mataki. A fara da sautin shi kaɗai, a haɗa shi da wasali ya zama gaɓa, kamar ƙa, ƙi, ƙu, sannan kalma, sannan gajeriyar jimla, har a kai ga hira. Madubi yana taimakawa matuƙa wajen sautukan da ake ganin yadda leɓɓa da harshe suke motsi a cikinsu. Mintuna kaɗan a kullum sun fi dogon zama sau ɗaya a mako, kuma sauti ɗaya ya isa a lokaci guda.

A tsakiyar hira ba a katse yaro domin gyara. Idan ya ce "kafata tana ciwo", sai a amsa masa da cewa, "Ayya, ƙafarka ce take ciwo? Kawo ƙafar mu gani." Ya ji daidai har sau biyu, kuma an saurari kukansa. Ina roƙon manya su daina kwaikwayon tsamin bakin yaro don raha, su kuma hana yayyensa yin haka, domin yaron da aka yi wa dariya yakan rage magana, wanda ya rage magana kuwa ya rasa damar gwaji.

A aji, malami zai iya saka sautin cikin waƙa ko karatun da kowa yake yi tare, ta yadda ba za a ware ɗalibi ɗaya a gaban 'yan'uwansa ba. Ya kuma sanar da iyaye sautin da ake aiki a kansa da 'yan kalmomin da aka zaɓa, don gida da makaranta su tafi baki ɗaya.

Idan yaro ya kai shekara 4 amma baƙi ba sa gane yawancin maganarsa, ko yana yawan fama da ciwon kunne, to a fara da gwajin ji, tunda ruwan da yake taruwa a bayan dodon kunne yana dusashe sauti ba tare da zafi ba. Bayan haka sai a nemi ƙwararre kan matsalolin magana ya duba shi, ya tsara abin da za a riƙa yi a gida da kuma a aji.