Ɗanyen kashin kaji da taurin kaina

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanwata a fadama yana sauke buhunan kashin kaji, da ɗuminsu, zai zuba wa dashen tumatir. Na ce, "Kai, wannan bai ruɓe ba." Ko ɗagowa bai yi ba. "Kawu, noman oganik ne, a YouTube na gani."

Abin da na yi ke nan a 2016. Dare ɗaya na yi wa takin zamani da maganin feshi saki uku, a gonar gaba ɗaya. Na labta ɗanyen kashin kaji a gindin tumatir, kwana huɗu ganye ya babbake kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Wanda ya tsira kuma sharon ta same shi, tsutsar nan mai huda ganye da 'ya'ya, wadda a shekarar ta sa Kaduna ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Na daka 'ya'yan darbejiya, na jiƙa, na tace, na fesa har kafaɗata ta sage. A banza. To amma masu feshin kanti ma sun yi kuka a shekarar, kada a ɗora mini duka. Kuma ƙasata ta gaji, ta yi fari fat, buhun taki na neman fin ƙarfina. Niyyata ba ta da laifi. Gaggawa ce ta kashe ni, da girman kai, don wani dattijo maƙwabcina ya gargaɗe ni na ɗauke shi baƙauye.

'Yan kwandunan da na kai kasuwar 'Yankaba, dillali bai tambayi da me na noma ba. Girma ya duba, ya yi ciniki.

Na so in jero muku shawara goma, biyu suka rage. Ku haƙa rami, ku zuba kashin da karmami da toka, ku yayyafa ruwa, ku riƙa juyawa har zafinsa ya mutu, ya yi baƙi yana ƙanshin ƙasa. Wata biyu zuwa uku. Ku da ba ku iya jiran cajin waya! Sannan ku gwada a komi biyar kawai, kada ku taɓa su da magani ko kaɗan. Ko da yake in sharon ta shigo, ni dai yanzu ina da kwalba a ɓoye a rumbu.

Yaron ya zuba abinsa. Na roƙi uwarsa ta ajiye masa ragowar irin.