Ɗanyen dabinon Madina

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano daga Umara, jakar tsaraba ma ban gama rabawa ba, amma duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai na tsare shi da labarin wata gona a gefen Ƙuba.

A watan Yuli muka je, zafi kamar ana hura wuta. Daga Makka zuwa Madina jirgin ƙasa na Haramain muka hau, kilomita 450 cikin awa biyu da rabi, ina ta tuna Kano zuwa Abuja a mota ina girgiza kai.

Washegari na shiga kasuwar dabino da ke kusa da Harami. Masu shago da sun ga hula sai ka ji "Alhaji zo, araha!" Wani ya ce mini kilon ajwa riyal 90. Na buga lissafi da naira, na ji kaina ya sara. Muna cikin ja-in-ja sai wani dattijo ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ɗana, baƙo ne kai ko?" Hausa ce tsab, irin ta tsofaffi, sai dai Larabci na faɗowa a ciki. Haifaffen Madina ne. Kakansa ya baro ƙasar Katsina da ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan kafin ya tsallako teku daga Sawakin. Magana biyu ya yi wa mai shagon, kilo ya dawo riyal 55. Sannan ya ce, "Wannan na jaka ne. In kana son na baki, zo gona bayan la'asar."

Na je. Litinin ce, ashe Baba yana azumi. A gabana aka sare nonon farko daga wata bishiyar dabino, irin da suke kira rutana, rabin kowane ƙwaya rawaya ne, rabi ya yi laushi kamar zuma. Ruɗab suke kiransa. Ina jiran a miƙa wa baƙo, sai Baba ya ɗaga shi ya yi addu'a, ya kira ƙaramar jikarsa ya fara ba ta. Da ya ga ina kallo ya ce haka Manzon Allah (SAW) yake yi: idan aka kawo masa 'ya'yan itacen farko, sai ya roƙa wa Madina albarka a 'ya'yan itacenta da mudunta, ya ba mafi ƙanƙantar yaron da ke wurin. Hadisin yana cikin Muslim, na karanta shi a Islamiyya, amma ban taɓa ganin ana aikata shi ba sai ranar.

Nan take kakata ta faɗo mini a rai. Da kaka, ba a gasa tumu a gidanmu sai an kai wa liman da maƙwabta nasu. Mu yara muna ganin takura ce. Yanzu kuwa mangwaro ake nunarwa da sinadari tun bai ƙosa ba, ka saya da tsada ka ci ka ji ciki na murɗa. Gaggawa ta cinye mu, wallahi.

Da aka kira magariba ya buɗe baki da ruɗab uku da ruwa. Ya ce ita ce sunna: ɗanye in akwai, in babu busasshe, in babu ruwa. Sai aka kawo kokwamba, ya ce in haɗa da dabinon, ita ma sunna ce. Na yi tsammanin ba za su haɗu ba, ashe ni ne ban sani ba. Na tambaye shi, "Baba, ba kwa sa wa a firiza ku ci duk shekara?" Ya yi dariya ya ce 'ya'yansa na yi, shi dai a'a. Allah ya ce ku ci idan ya yi 'ya'ya, ku fitar da haƙƙinsa ranar girbi. In lokacinsa ya wuce, sai ya jira baɗi in da rai. Aka bi da shayi mai na'ana'ar Madina. Na zaro kuɗi zan ba yara, ya haɗe fuska: "Kai, a gidan ubanka kake biya?" Kunya ta kama ni.

Mu a Kano mun saba da busasshen dabinon Nijar mai karya haƙori, shi ya sa na ci har na ji nauyin kaina.

Sauran kwanakin sun wuce da ziyarar Uhudu da Ƙiblataini. A filin jirgi wani ma'aikaci ya daka mini tsawa kan kilo uku da suka haura, ko kallon fuskata bai yi ba. Na biya. Ruɗab ɗin da Baba ya zuba mini a roba kuwa, kafin mu sauka ya dame ya fara tsami, sai na ce da uwargida ta yi haƙuri da ajwa.