Adakar Kakanmu: Inda Aikin Ɗaukar Hoton Takardu Ya Kwana

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru, lafiya lau, aiki ne ya sha kaina. Wata huɗu ke nan cif da na buɗe adakar marigayi kakanmu a zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya, da niyyar ɗaukar hoton duk takardar da ke ciki kafin gara ta gama da su. Ranar na ce wa Baffa sati uku ya ishe ni. Murmushi kawai ya yi, ya ce Allah Ya ba da sa'a. Zuwa daren jiya warƙa 612 na ɗauka, gaba da baya, wato hoto 1,224, kuma har yanzu ban hango gindin adakar ba.

Kayan aikina ba su canja sosai ba. Wayata ce, sai ƙarfen da mai walda ya lanƙwasa mini wanda ke riƙe ta a saman tebur tana kallon ƙasa, da baƙin yadi na shimfiɗawa, da rula da nake ajiyewa a gefen kowace warƙa don a san girmanta. Na daina kunna fitilar waya tun satin farko, domin tawadar da aka haɗa da ƙaro tana ƙyalli, sai rubutun ya ɓace a hoto. Hasken hantsi da ke shigowa ta ƙofar zaure ya fi kowace fitila, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, bayan nan inuwa ta karkata. Ba na taɓa fuskar wayar in zan ɗauka, maɓallin ƙara sauti na abin kunne nake dannawa don kada ta girgiza. Safar hannu kuma na ajiye ta. Wani ma'aikacin adana takardu ya gaya mini tsohuwar takarda ta fi son hannu wankakke busasshe, domin mai safa ba ya jin bakin warƙa, nan da nan zai yaga ta. Ya kuma roƙe ni kada in kusanto da salatif ko injin rufe takarda da leda. Na ga gaskiyarsa a wani shafi da aka taɓa liƙewa shekarun baya: wurin ya zama ruwan ƙasa, tawadar ta bi salatif ɗin ta tafi.

Babbar wahalar da na sha a wata na biyu ita ce jeri. Kun san littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su da shi, a ɗaure da tsinkiyar fata, a zura cikin gafaka. Wata safiya ta hunturu na baza wani littafi a kan tabarma, yaro ya bankaɗo labulen zaure, iska ta shigo. Kafin in ce kwabo warƙa kusan arba'in sun watse, wasu har ƙarƙashin buzun Baffa. Babu lambar shafi ko ɗaya. Na zauna na yi tagumi. Baffa ya shigo, ya ɗauki ɗaya ya nuna mini da farcensa wata kalma tilo da ke can ƙasan bayan warƙar, wajen layi. Ya ce, "Kai ɗan boko, wannan ai jagora ce. Nemo wadda ta fara da ita." Ashe mai kwafi yakan rubuta kalmar farko ta warƙa ta gaba a ƙasan wadda ya gama, abin da Larabawa ke kira ta'aƙiba. Muka kwashe yini guda muna haɗawa, shi yana karantawa ni ina nema. A nan ne ma muka gano cewa tun asali littafi biyu ne a tadarishi ɗaya, na fiƙihu da wata waƙar wa'azi ta Hausa, wani ya cakuɗa su tun ba a haife ni ba.

Tun daga ranar, ba na ɗaukar hoto sai na tabbatar da jeri, sannan in rubuta lamba ƙarama da fensir mai laushi a kusurwar sama. Sunan fayil kuma na daina barin wanda waya ke bayarwa. Yanzu kowane hoto sunansa kamar haka ne: ZAR_L07_w023a, ma'ana littafi na 7, warƙa ta 23, fuskar gaba. Sifirin da ke gaban lambar yana da amfani, in babu shi kwamfuta za ta jera 10 kafin 2.

Sai asarar da na yi, don kada wani ya maimaita. Na sayi katin ajiya a kasuwa an rubuta masa 64GB, da araha har na yi murna. Yana cika ɗan abin da zai iya ɗauka na gaskiya sai ya riƙa nuna sunayen hotuna babu komai a cikinsu. Hoto 140 suka tafi, aikin kwana tara. Araha ba ta ado. Yanzu kwafi uku nake ajiyewa: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje da ke gidan yayata, ɗaya a intanet. Kuma duk daren Juma'a sai na buɗe wasu daga ciki na gani da idona cewa suna buɗuwa.

Abin da ya fi cin lokacina yanzu shi ne teburin bayani. Da na ɗauka hoton ne aikin. Sai ranar da wani ɗalibi ya tambaye ni ko akwai waƙar Hausa a cikin abin da na ɗauka, na share minti arba'in ina laluben hotuna dubu ɗaya ɗaya bayan ɗaya, kamar dai adakar ce na sake zubewa. Daga nan na buɗe Excel. Na duba tsarin da ma'adanai ke amfani da shi mai suna Dublin Core, mai gurbi 15, na ɗebi abin da ya dace da ni na ƙara nawa: sunan littafi in an sani, mawallafi, mai kwafi, harshe, fanni, yawan warƙa, tsawo da faɗi, layin farko da na ƙarshe, irin lalacewar da ta same shi, da wanda ya mallake shi. Gurbin layin farko ya fi kowanne daraja, domin yawancin takardun ba su da suna a goshi, basmala ce da salati sai a shiga magana. Gurbin harshe ma ya ba ni aiki: shafi ɗaya za ka ga matani da Larabci, fassarar kalmomi da ƙananan haruffa tsakanin layuka da Hausa, a gefe kuma wata kalma da Fulatanci. Duka ukun nake rubutawa.

A wajen shekara na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna sai in yi dariya. A ƙarshen waƙar wa'azin nan mai kwafi ya ba da shekara da ramzi, wato haruffa a madadin lambobi: shinun, sinun, lamun. Na ɗauko lissafin abjadi daga intanet, na tara 300 da 60 da 30, na sami 390 bayan hijira. Na ruga wurin Baffa ina cewa mun tsinci takarda mai shekara dubu. Ya ce in zauna in sha ruwa. Lissafin da na ɗauko na mutanen gabas ne. Malamanmu na Magariba suke bi, inda shinun take 1000, sinun 300, lamun 30. Jimla 1330, wato wajen 1912, shekara tara bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Takardar ma ta ba da shaida: da na ɗaga ta a hasken ƙofa sai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikinta, tambarin takardun da ake yi a arewacin Italiya, waɗanda fatake suka daɗe suna ratso Sahara da su ta Tarabulus. Yanzu kowane littafi ina ɗaukar hoton warƙa ɗaya da fitila a bayanta don tambarin ya fito.

Buga ajami a kwamfuta ya fi yadda na zata sauƙi, amma sai da na sami rubutun da ya dace. Fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, irin na Alƙur'anin Warshu, ga kuma ɗigon imala da ke ba mu wasalin e. In ka buga da rubutun Larabci na yau da kullum sai ya fito da kamar baƙo. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da salon rubutu biyu kyauta, Alkalami wanda ya kwaikwayi hannun Kano mai kauri, da Harmattan mai sirara. Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya shigar da fa da ƙaf da nun na Afirka a 2016, don haka abin da ka buga ana iya nemansa kamar kowane rubutu. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto kuwa na gwada biyu, abin da suka fitar ko mai shi ba zai gane ba. Da hannu nake kwafa, ajami a sama boko a ƙasa, baiti goma a rana in an bar wuta.

Waƙar wa'azin nan gara ta ci tsakiyar warƙa uku daga cikinta, ramuka kamar an huda da tsinke. Na karanta wa Gwaggo abin da ya rage don ta ji. Ina tsayawa a inda ramin yake sai kawai ta ɗora, da kari, idonta a rufe, ta cike baitin ta wuce na gaba. Ta ce a bakin kakarta ta koya suna surfe. Na sa waya na naɗi muryarta minti goma sha ɗaya, da izininta. A teburin bayani na ƙara sabon gurbi na sauti, kuma duk kalmar da na ciko daga bakinta na sa mata alama, don mai karatu ya bambance abin da ke kan takarda da abin da ke cikin kan Gwaggo. A wuri biyu lafazinta ya saɓa da rubutun, na bar kowanne yadda yake.

Yanzu maganar da ta fi nauyi: wa zai gani? Ni da farko so nake in zuba komai a intanet kowa ya ɗauka. Ina da dalilina. Tarin littattafan Umar Falke, malamin nan kuma ɗan kasuwar Kano da ya rasu a 1962, sama da guda 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. An adana su da kyau, amma almajirin da ke unguwar Koki a Kano bai da hanyar zuwa can. Ga kuma abin da ya faru a Tumbutu, inda a 2012 sai a ɓoye aka riƙa kwashe takardu cikin akwatuna zuwa Bamako, a farkon 2013 kuma aka ƙone wasu a cibiyar Ahmad Baba. Na kuma ga yadda ɗakin karatun ajami na Jami'ar Boston ya sa takardun Hausa da na Fulatanci da na Wolof kowa ya buɗe kyauta, haka shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya da aka fara a 2004, wanda tsarinsa shi ne asalin takarda ta zauna a ƙasarta, hoto ne ke tafiya.

Baffa ya saurare ni har na gama, sannan ya zaro wani ɗan kundi mai baƙar fata daga cikin tulin ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce wannan laƙani ne da hatimai, da sunayen mutanen da suka zo neman taimako wurin mahaifinsa, har da bashin da ake bin wasu. Jikokinsu suna nan unguwar. Na ji kunya, domin na riga na ɗauki hoton shafi shida daga ciki ban ma karanta ba. A gabansa na goge su, daga wayar har kwandon shara. Muka yi yarjejeniya, na rubuta ta a takarda ya sa hannu da ajami: littattafan karatu da waƙoƙi a sake su ga kowa, wasiƙu sai mai bincike ya nemi izinin gida, kundi kuwa ba a ɗauka sam. Ina ganin duk wanda zai fara irin wannan aiki ya yi wannan zaman tun kafin ya buɗe kyamara. Ni a baibai na yi.

Sauran tunanina yana kan nauyin fayil. Asalin hoto ɗaya ya kai 5MB, littafi guda sai ya cinye datar mutum ta sati. Don haka kowane littafi ina yi masa ƙaramin kwafi na PDF wanda waya mai araha za ta buɗe, asalin kuma yana ajiye ba a taɓa shi. In za ku tura ta WhatsApp ku tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton har wasulan ja su narke. Ina gwada ɗora ƙananan kwafin a ma'adanar intanet ta Internet Archive, da bayani cikin Hausa da Larabci da Turanci don kowa ya samu da harshen da ya nema. Ina kuma son in kai cikakken kwafi Arewa House a Kaduna, wadda tun 1970 take tattara tarihin Arewa a tsohon gidan Sardauna, saboda ni mutum ɗaya ne, kwamfutata kuma ta tsufa.

Sati mai zuwa zan shiga littafi na 12. Ruwa ya taɓa shi wata damina, warƙa kusan ashirin sun manne sun zama kamar allo. Na gwada bakin guda ɗaya da wuƙar roba na ji tana neman ɓarewa, na janye hannu. Wanda ya taɓa raba irin waɗannan ba tare da tururi ba, don Allah ya gaya mini yadda ya yi. Kafin nan na naɗe shi a farin ƙyalle na sa a saman kanta, nesa da bangon da ke jiƙa.