Wayar Inna ta ƙetare kogi ba da saninta ba

Shagona na gyaran waya yana Kusiri ta Kamaru, kusa da bakin kogi. Da magariba daga ƙofa nake hango fitilun Injamena, babban birnin Chadi. Makon jiya wata dattijuwa ta zo ranta a ɓace, wai wayarta na shanye mata kiredi. Na duba, lafiyarta lau. Eriyar Kamaru ta saki, ta kama ta Chadi.

Na ce, "Inna, ki zauna in gaya miki. Wayar nan ƙaramar rediyo ce, tana ji tana magana. Kullum kunnenta na kan eriyoyin da ke kewaye. In rezon gida ya yi rauni sai ta bi na ƙetare, a yi miki lissafin matafiyi alhali kina tsakar gidanki."

Ta ce, "Ikon Allah! To ɗan nan, muryar tawa ta ina take bi?"

Tambayar da nake so ke nan. A tsarin wayar salula na GSM, wanda aka fara kira da shi a Finlan a 1991, waya kan daddatsa murya gutsure 50 a kowace daƙiƙa, ta mai da su lambobi, ta matse su, sannan ta harba. Tasha ɗaya ana raba ta gida 8, kowace waya da lokacinta, kamar mata a bakin rijiya da guga ɗaya. Zagayen yana da saurin da kunne ba ya jin giɓin. Abin da ya fi burge ni shi ne, eriya kan umarci wayar da ke nesa ta riga sakin nata gutsuren, don kada ya iso a makare ya hau kan na wani. Wannan dabara a kilomita 35 take ƙarewa. Duk sanda rezo ya ɗauke mini a hanyar Marwa sai na tuna da ita.

Na shiga saitin wayar na ɗaure ta a kan rezon gida. Amma abin da ke ci mini rai yana nan: 'yarta na aure a Injamena, gadar Ngeli kaɗai ce tsakani, amma da yake lambar kiran ƙasa a nan 237 ce can 235, kiran na ƙasar waje ne. Na ce ta riƙa kiranta ta WhatsApp, inda murya ke tafiya ƙunshi-ƙunshi ta intanet, mega kawai za ta ci. Wayar Inna mai maɓalli ce, sai ta ce ranar Alhamis za ta zo da wayar jikanta in nuna musu.