Wasiƙa daga Ingila: Ba Kowane Duka ba ne "Beat"

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida, musamman ɗalibai da masu shirin tahowa nan.

A cikin kalmomin duka na Turanci, babu wadda ke jefa mutanenmu cikin rigima kamar beat. A gida mun saba ɗora ta a kan kowane irin duka, har ka ji an ce "rain beat me", tunda a Hausa ruwa yana dukan mutum. Bature kuwa in ya ji beat, jibga yake hangowa: duka a kai a kai, da gangan, irin wanda ke barin shaida a jiki. Uban da ya gaya wa malamar makaranta "I beat my son" ya buɗe wa kansa babbar magana, domin aikinta ya wajabta mata ta kai rahoto. Ku kuma sani, ba kalmar kaɗai ba ce abin lura. A cikin yankunan Birtaniya, Sikotilan ta haramta dukan yaro kowane iri a 2020, Wales ta bi sahu a 2022, har da smack, wato ɗan duka da tafin hannu. Inda beat ba ta da laifi shi ne kiɗan ganga, kaɗa ƙwai, bugun zuciya da cinye abokin karawa a wasa.

Hit ita ce ta yau da kullum: bugu ɗaya, ko da niyya ko tsautsayi. Mota ta buge mutum, hit ke nan. In ta kayar da shi ƙasa, knocked down. Hit ba ta sauya kama a abin da ya wuce, don haka "hitted" kuskure ne. Strike 'yar'uwarta ce, amma ta kotu da jarida. Da ita tsawa ke faɗa wa bishiya, da ita agogo ke buga ƙarfe goma, ita ce kuma yajin aiki. In abin ya wuce sai ta koma struck.

Sauran kalmomin kuwa, Hausa ta riga ta raba mana su: punch naushi, slap mari, kick shuri, tap ɗan taɓawa da yatsa. Knock ƙwanƙwasa ƙofa ne, sai dai a sa on ko at a bayanta.

A gaban likita ku natsu ku zaɓi kalma. Wanda ya buge kai da bakin ƙofa ya ce "I bumped my head". In wani ne ya nausa shi, ya ce punched, ya faɗi sau nawa da kuma wurin, domin abin da ya fito daga bakinsa shi za a rubuta a fayil ɗinsa.

Wassalam, a gaida gida.